Ɗan Mai Gona

Tun shekarar da majalisar jiharmu ta faɗaɗa dokar farauta, tsofaffin gundumarmu suka shiga haihuwa ba ƙaƙƙautawa. Mutumin da na sani da 'ya'ya biyu tun ina yarinya, da zarar watan Nuwamba ya kama sai in ji yana da bakwai, kowanne da gemunsa da bindigarsa da lambar motar wani gari. Da can mai gona da matarsa da 'ya'yansa ne kaɗai suke farauta ko kamun kifi a cikin ƙasarsu ba tare da lasisi ba. Sai aka ƙara jikoki, aka kuma ƙara surukai. 'Yan majalisa suka tafa wa kansu, suka tafi hutu, suka bar ni da sababbin jarirai masu furfura.

Sunana Arlene Napier, malamar daji ce ni, shekarata goma sha tara ina wannan aiki. Hukumarmu ba ta samun ko dala ɗaya daga harajin jiha. Kuɗin lasisi shi ne albashinmu, shi ne man motarmu, shi ne abincin 'yan ƙananan kifayen da ake zubawa a tafkuna. Da dokar ta fara aiki, abokin aikina ya yi ritaya ba a kawo wani a madadinsa ba, aka ɗora mini gundumomi biyu ni kaɗai. Tafkin da mahaifina ya koya mini jefa ƙugiya a cikinsa, shekara biyu ke nan ba a zuba masa kifi ba. Waɗanda suka fi kowa ƙorafin babu kifi kuwa su ne waɗanda suka daina sayen lasisin. Saboda haka in an ce Arlene ba ta yarda da kowa ba, ba zan musa ba. Ban yarda ba ɗin.

A nan, duk wanda ya harbi barewa dole ya buga wa na'urar hukuma waya ya shigar da ita a ranar: sunansa, gonar da ya harbe ta, namiji ce ko mace, da lambar lasisinsa. In ba shi da lasisi, ya faɗi sunan mai gonar da abin da ya haɗa su. Kowace Litinin da safe nakan zauna da kofin kofi in bi jerin sunayen ɗaya bayan ɗaya. A Litinin ta biyu ta lokacin farauta na ci karo da wannan layin: Roscoe Begley, namijin barewa mai ƙaho reshe takwas, gonar Virgil Stamper, dangantaka, ɗa.

Na ajiye kofin. Virgil Stamper na san shi kamar yadda na san hanyar gidanmu. Tsoho ne ɗan shekara tamanin da ɗaya, yana da eka ɗari biyu a can ƙarshen kwarin Dry Lick, inda ya yi noman taba har ƙarfinsa ya ƙare. Matarsa Opal ta rasu shekara biyu da suka wuce, ina wurin jana'izar, kuma da limamin cocin ya karanta waɗanda ta bari, suna ɗaya ya kira a 'ya'ya, Glenna. Ajinmu ɗaya da Glenna a makaranta. Ita kaɗai ce, kowa ya sani.

Na binciko Roscoe Begley. Shekararsa arba'in da huɗu, makanike ne a gundumar da ke maƙwabtaka da mu. Shekara goma sha ɗaya a jere yana sayen lasisi tun farkon Oktoba, bai taɓa makara ba, sai bana. Abu biyu suka zo mini a rai. Ko dai Virgil ya shiga sahun masu karɓar kuɗi a hannun baƙi su kira su 'ya'ya, ko kuwa shi da kansa ya harbi namiji na biyu ya liƙa wa wani. Doka namiji ɗaya ta yarda wa mutum a shekara, shi kuwa tun ranar buɗe farauta ya shigar da nasa.

Ban gama kofin ba waya ta yi ƙara. Glenna ce, daga kantin magungunan da take aiki a cikin gari.

"Arlene, kina da minti biyu? Magana ce da ba na son ta fita."

"In ba kya son ta fita, me ya sa kika kira ni a wayar kanti kowa na jinki?"

"Ke dai kin cika baki. Na shige ɗakin ajiya. Wani mutum ne ya manne wa Baba."

"Wane mutum?"

"Wai shi Roscoe. Ya daɗe yana zuwa farauta, tun Mama na raye, amma a da sau ɗaya yake zuwa a shekara ya tafi abinsa. Yanzu kusan kowace Asabar yana can. Ya gyara tarakta, ya gyara rufin rumbu, ya share hanya. Na tambayi Baba nawa yake biyansa, wai ba ya karɓa. Arlene, don Allah wane makanike kika taɓa gani yana kwanciya ƙarƙashin taraktar mutum kyauta?"

"Ban taɓa gani ba."

"To kin ji. Gonar yake so. Baba ya tsufa, ya fara mantuwa, wata rana za a miƙo masa takarda ya sa hannu bai san me ke ciki ba. Ki duba mini shi ko yana da wani laifi a wajenku, ko na tsinke ne, ki kore mini shi."

Idona yana kan kalmar nan ta jerin sunaye, amma ban faɗa mata ba. Na ce gobe da safe zan hau kwarin. Ta ce za ta zo. Na ce kada ta zo, aikin hukuma ne. Ta ce to, irin to ɗin da na san ba ta ji ba.

Washegari na kama hanya da akori-kurar hukuma. Sanyi ya sa ciyawar gefen hanya ta yi fari, rana ba ta riga ta leƙo cikin kwarin ba. A ƙofar gidan na ga motoci biyu, tsohuwar motar Virgil da wata shuɗiya mai lambar gundumar maƙwabta. Virgil yana baranda a kujerarsa, bargo a gwiwa. Ya rame fiye da yadda na gan shi a bazara.

"'Yar Napier," ya ce. "Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Baba Virgil, sai barewa. Ina kwana? Ya sanyi?"

"Sanyi lokacinsa ne. Shigo ki ci biskit mai zafi da romon nama, kin bushe kamar sandar shinge. Hukumar taku ba ta ba ku abinci ne?"

"Ta daina, tun da kowa ya zama ɗan mai gona."

Na faɗa ne ina kallon fuskarsa. Bai yi dariya ba, kuma Virgil mutum ne da ba ya barin zolaya ta wuce shi bai rama ba. Ya gyara bargonsa, ya kalli dutse. Nan na san ban hau kwarin a banza ba.

"Ina barewar da aka harba ranar Lahadi?"

"Tana rumbu."

Na taka zuwa tsohon rumbun tabar, shi kuma ya biyo ni a hankali da sandarsa. Ina tura ƙofar na ga abin da nake nema, ko abin da na zaci shi nake nema. Kaf yankin nan, mutum in ya kashe barewa ta ƙafafun baya yake rataye ta, kai a ƙasa. Gidan Stamper kaɗai ke rataye ta kai a sama, igiya a gindin ƙaho, sannan su tsaga kunnen hagu tsaga biyu. Kakan Virgil ne ya faro abin, wai don kada maƙwabta su ɗauke masa nama su ce nasu ne. An daɗe ana yi musu dariya a kai, su kuma ba su taɓa canzawa ba. Barewar nan kanta a sama yake, kunnen hagu a tsage biyu. Raina ya yi fari, na ce a zuciyata, tsoho, na kama ka.

Wani mutum ya fito daga bayan barewar da wuƙa da dutsen wasawa a hannu. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, hannayensa duk baƙin mai ya shiga layukan fata. Yana ganin kakina ya ajiye wuƙar a kan katako, ya ja da baya taku ɗaya.

"Kai ne Roscoe Begley?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Wa ya harbi wannan?"

"Ni."

"A ina?"

"Saman gonar masara, gindin itacen gyaɗar dutse da tsawa ta tsaga. Ƙarfe takwas saura. Kayan cikin suna nan a wurin in dila bai ja ba, zan iya kai ki."

"Wa ya rataye ta?"

"Ni."

Na yi 'yar dariya. "Malam Begley, ni 'yar kwarin nan ce. Wannan rataya ta gidan Stamper ce. Mutanen gundumarku ba su san ta ba. Ka faɗa mini gaskiya tun kafin abin ya yi maka nauyi. Baba Virgil ne ya harbe ta ka ara masa sunanka?"

Virgil ya ɗaga hannunsa na dama ya nuna mini. Rawa yake yi kamar ganye. "Kalli nan. Da wannan zan ja namijin barewa sama? Waccan ta ranar farko ma sai da na jingina bindigar a kan shinge, kuma Allah ne ya so barewar ta mutu."

"To wa ya koya masa ratayar?"

Roscoe ya kalli Virgil, Virgil ya kalli barewa. Ni kuwa abin bai burge ni ba. Na sha ganin mutane biyu sun haɗa baki suna jiran ɗayansu ya fara ƙarya ɗayan ya bi.

"Ba ni lasisinka."

"Ba ni da shi."

"Shekara goma sha ɗaya kana saye. Bana me ya faru? Talauci?"

"A'a."

"Mantuwa?"

"An ce kada in saya."

"Wa ya ce?"

Kafin ya amsa muka ji mota tana hawowa da gudu, tsakuwa na tashi. Glenna ta fito da farar rigar kantin magani a ƙarƙashin rigar sanyi. Ta shigo rumbun ba ta gaida kowa ba sai mahaifinta, ta tsaya kusa da shi ta harɗe hannuwa. Na harare ta, ta yi kamar ba ta gani ba. Da na san abin da zai biyo baya, da na ja ta waje. Amma a lokacin na cika na yi fam, gani nake yau zan samu ko mutum ɗaya cikin masu haihuwar Nuwamba in kai shi gaban alƙali.

Na ciro takardar daga aljihu na karanta da ƙarfi. "Roscoe Begley, gonar Virgil Stamper, dangantaka, ɗa. Haka aka shigar ta waya ranar Lahadi. Baba Virgil, tambaya ɗaya zan yi maka. Mutumin nan ɗanka ne?"

"Ɗa?" Glenna ta ce. "Wane irin ɗa? Arlene, me na gaya miki? Ba na faɗa miki ba? Har ya fara rubuta kansa a takardun hukuma!"

"Glenna, yi shiru. Baba Virgil, ina jinka."

Tsohon ya jingina da sandarsa. "Yaron kirki ne. Yana taimakona ƙwarai."

"Ba halinsa na tambaye ka ba."

"Na san mahaifiyarsa. Mutanen kirki ne gidan Begley."

"Ni ma na san mahaifiyar mutane da yawa, ba su zama 'ya'yana ba. Ɗanka ne ko ba ɗanka ba ne?"

Ya dubi Glenna. Ta zuba masa ido tana jira, ba ta da ko ɗigon shakka a kan abin da zai ce.

"Wayoyin nan na zamani," ya ce a hankali, "mutum kan latsa wani abu ya fito wani abu daban. Wataƙila kuskure aka yi."

Ina kallon Roscoe lokacin. Bai motsa ba, amma fuskarsa ta sauka gaba ɗaya, kamar an zare wani abu da ke riƙe da ita. Ya goge hannayensa a wando, duk da ba komai a jikinsu.

"Haka ne," ya ce. "Kuskurena ne, ranki ya daɗe. Malam Stamper ba ruwansa. Rubuta mini."

"Ka san abin da zan rubuta? Farauta ba lasisi, laifi ɗaya ke nan. Yi wa hukuma ƙarya na biyu. Zan ɗauke barewar, zan ɗauke bindigar, alƙali zai ci ka tara, kuma shekara uku ba za ka sake riƙe lasisin farauta a jihar nan ba."

"Na sani."

"Kuma kada in sake ganin ƙafarka a gonar nan," Glenna ta ƙara. "Ka ji ni ko? Ko taya ce ta fashe maka a hanyar kwarin, ka tura motarka gaba."

"Na ji."

Na ɗora littafin sammaci a kan gangar da ke gefe na fara cikewa. Zan faɗi gaskiya, daɗi nake ji. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Masu ƙarya in na kama su sukan yi fushi, ko su yi roƙo, ko su ambaci sunan wani babba da suka sani a hukuma. Wannan bai yi ko ɗaya ba. Ya je motarsa ya ɗauko bindigar da kansa, ya zare harsashi, ya miƙo mini ita ta gindi. Tsohuwar bindiga ce, katakonta ya sha hannu har ya yi sheƙi, an sassaƙa haruffa biyu a gefe da bakin wuƙa. Ba R da B ba ne. V da S ne. Na ce a raina to ga shaida ta uku, bindigar ma ta Virgil ce. Har lokacin ban gane ba, kuma ina jin kunyar hakan.

Na ciro masa takardarsa daga littafin, ya karɓa ya ninke ta ya sa a aljihun ƙirji. Na matso da akori-kura bakin rumbun.

"Taimaka mini mu sauke ta."

Ya kama barewar ta ƙirji don kada ta faɗi ƙasa, ni kuma na kai hannu ga igiyar da ke ɗaure a ginshiƙi. Ƙullin ya ƙi kwancewa, irin ƙullin gidan ne, na shiga cakuɗarsa da farce.

"Ke 'yar Napier."

Muryar Virgil ce, amma ba irin ta ɗazu ba. Na juya.

"Cire hannunki daga igiyar nan. Barewar ɗana ce."

Roscoe yana rungume da barewar bai sake ta ba, fuskarsa a ɓoye a bayan wuyanta.

"Baba, me kake faɗa haka?" Glenna ta ce. "Zo ka zauna, sanyi ne ya..."

"Hankalina ɗaya, Glenna. Ni na koya masa ratayar. Ni na ba shi bindigar. Ni na ce masa kada ya sayi lasisi." Ya juyo gare ni, ba ya iya kallonta. "A Oktoba ne, muna gyaran shinge. Ya ce gobe zai shiga gari ya sayi lasisi. Na ce masa, bana kada ka ɓata kuɗinka, ba ka bukata. Ya tsaya yana kallona. Na ce miƙo mini ƙusa. Shi ke nan abin da na faɗa. Shekara arba'in da huɗu ina neman yadda zan faɗe ta, iyakar abin da na iya ke nan. Ban san zai je ya faɗa wa waya ba."

"Wayar ce ta tambaye ni," Roscoe ya ce daga bayan barewar. "Ta ce in ni mai gona ne in latsa ɗaya, in ɗa ne in latsa biyu. Na daɗe a tsaye a gindin itacen nan kafin in latsa."

Amma shekara goma sha tara ba sa barin mutum a rana ɗaya. Na taɓa ganin tsoho ya yi hawaye ya rantse mini a kan jikan da daga baya aka gano likitan haƙoransa ne.

"Baba Virgil, baki kowa yana da shi. Akwai takardar rantsuwa a motata. In ka sa hannu kuma ta zama ƙarya, kai ma sai gaban alƙali, tsufanka ba zai hana ba. In gaskiya ce kuma, ka sani takardar hukuma ce, ba ta ɓoyuwa. Duk lauyan da ya neme ta ran rabon gado zai same ta. Ka yi tunani."

Na faɗi haka ne da gangan, ina kallon Roscoe, in ga ko idonsa zai yi haske da jin gado. Sai ya saki barewar ya zagayo.

"Kada ka sa hannu, Malam Stamper. Na riga na ji ka faɗa. Ya ishe ni. Shekara uku ba komai ba ne."

"Rufe mini baki. Kai ma ba ka jin magana, kamar 'yar'uwarka. Kawo takardar."

Na kawo. Ya ɗora ta a kan gangar. Layin dangantaka ɗan gajere ne, kalma ɗaya yake ɗauka. Hannunsa na rawa har alƙalamin yana buga ƙarfen gangar, ya ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya gama, kuma ba wanda ya yi yunƙurin taimakonsa. Ya sa hannu a ƙasa, ya miƙo mini.

Glenna ba ta yi kuka ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta tako har gaban Roscoe ta ɗaga kai tana ƙare masa kallo, goshi, hanci, haɓa, kamar mai duba kayan da aka ce nata ne ba ta taɓa gani ba.

"Shekararka nawa?"

"Arba'in da huɗu."

"Ni ma haka. Wane wata?"

"Yuli."

"Ni Maris." Ta juya ga mahaifinta. "Wata huɗu, Baba. Mama tana ɗauke da cikina ke nan."

Ya sunkuyar da kai.

"Ta sani?"

"Ban taɓa faɗa mata ba. Ita ma ba ta taɓa tambaya ba."

"Shekara tara tana zuba masa wake da burodin masara a teburinmu."

"Tana zuba masa."

Ta fita. A bakin ƙofa ta tsaya kusa da ni, ba ta kalle ni ba. "Na ce ki kore mini shi, Arlene."

"Na ce miki kada ki zo."

Ta shiga motarta ta juya da ƙarfi har tsakuwa ta bugi gefen akori-kurata. Na karɓi takardar sammacin daga hannun Roscoe, na mayar masa da bindigarsa. A aikinmu ba a yaga sammaci, sai dai a soke shi a rubuta dalili a ƙasa. Na tsaya da alƙalami ina neman abin da zan rubuta wanda ofis zai karɓa, a ƙarshe na kwafi kalmar da tsohon ya rubuta. Da zan tafi Virgil ya sake yi mini tayin biskit, na ce na ƙoshi. Ban taɓa jin na tsani kakin da ke jikina kamar ranar ba, kuma har yau ban ga inda na saɓa wa aikina ba.

Virgil ya rasu a watan Afrilu. Wasiyyarsa tsohuwa ce, tun zamanin Opal, komai na Glenna. Ni kuwa na zauna ina jira. Na ce yanzu za a ga gaskiyar mutum, yau ko gobe wani lauya zai bugo ya nemi takardar rantsuwar. Na ajiye ta a saman aljihun tebur don kada in sha wahalar nema. Bazara ta wuce, damina ta wuce, ba wanda ya bugo. A wurin jana'izar, Roscoe ya zauna a bencin ƙarshe, ya fita kafin a gama waƙa. Limamin ya kira suna ɗaya a 'ya'ya. Glenna kuwa in mun haɗu a kanti sai ta miƙo mini maganina ta kira na baya.

Ranar wata Talata a farkon Oktoba, ina ofis ina fama da jerin sababbin jikoki, waya ta yi ƙara.

"Arlene."

"Glenna? Lafiya?"

"Tambaya zan yi miki ta aiki, kada ki ja ni da surutu. Gonar yanzu sunana ne a kanta. Wa da wa doka ta yafe wa lasisi?"

"Ke, da mijinki, da 'ya'yanki, da jikoki, da surukai."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Wa kike son ƙarawa? In kin fara haihuwar Nuwamba ke ma, ki gaya mini tun yanzu in shirya littafina."

"Ba ta haɗa da ƙani ba?"

Na buɗe baki, tsohon halina ya riga ni. "Wane ƙani?"

"Arlene, kada ki sa in zo ofishin nan in same ki. Ƙanina. Guda nawa gare ni?"

"Ba ta haɗa ba. Ɗa yana ciki, ƙani ba ya ciki. Ran da gonar ta koma hannunki ya fita daga doka."

Ina jin ƙarar injin kuɗin kantin a bayanta, da muryar wani yana tambayar maganin tari.

"Shekara ɗaya kacal ke nan ya samu," ta ce.

"Shekara ɗaya."

"To. Bareyi sun cinye mini lambu, ni kuma ban iya ratayar nan ba, Baba bai taɓa koya mini ba. Na kira shi jiya, ya ce ba zai zo ba sai da takarda a aljihu, wai ba ya son ya sake haɗuwa da ke." Ta ja numfashi. "Ana iya saya wa mutum lasisi ba ya nan?"

"Ana iya. Sai cikakken sunansa da ranar haihuwa."

"Roscoe Begley. Sha tara ga Yuli. Rubuta, ina zuwa da kuɗin in na tashi."